Irin da Lailatu Ta Gwada

Litinin, 22 ga Afrilu 2024

Lailatu ta sake sakin bidiyo a Watsap. Ƙanwata ce uwa ɗaya uba ɗaya, don haka ba ni da damar cewa ban san ta ba. Wannan karon irin gero take talla, wai shi Gagara-Fari. Watan jiya man gashi ne, kafin shi garin ƙiba. Tsarin dai bai sake ba: ka je butik, wato shagon kamfanin, ka faɗi kod ɗinta, LAILA, a rage maka ɗan abu, ita kuma a ware mata la'adarta ba tare da ka sani ba. Ta ɗaga jan sashe, 'yar ledar da irin ke ciki, kusa da kumatunta, ta rufe da muryar nan tata mai zaƙi: "Ni da kaina na gwada shi, 'yan uwa."

Lailatu ko albasa ba ta taɓa dasawa a gwangwani ba.

A wayata sunanta Madam Kod. Tun bara.

Alhamis, 25 ga Afrilu

Ba kuran tun safe, an ɗauke wuta. Na fito da tabarma ƙarƙashin dogon yaro, ni da diplom ɗina na aikin gona muna shan iska. Tun da sojoji suka karɓi mulki masu furoje, ƙungiyoyin tallafi da nake wa aiki, suka tattara nasu ya nasu, na dawo gidan Baba nan Tasawa ina jiran kiran da ba ya zuwa. Lailatu a turwaziyam, ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare, ta bar lakkwal, amma ita ke kawo buhun shinkafa. Baba na kiran ta "mai albarka". Ni kuwa "Malama", da wata irin murya.

Habsatu dillaliya ta shigo da zannuwa. Kowa ya san tana da la'ada a kan kowane turmi, da bakinta take faɗi, har a yi ciniki a kai. Ban taɓa jin haushinta ba. Bambancinta da ƙanwata ke nan, sai kuma jan baki.

Talata, 30 ga Afrilu

Ƙadri, wakilin masu Gagara-Fari, ya zo har zaure. Turarensa ya riga shi sallama. Wai ni ma a yi mani kod. "Malama Zara'u, ke da diplom, kalmarki ɗaya ta fi goma ta ƙanwarki." Na ce a wace gona aka jarraba irin, a wace shekara. Ya yi dariya kamar na ba shi labarin yara. Ya ce ai ba ni zan sayar ba, ni dai in faɗi alheri, mai saye shi ya ga zai iya.

Ya bar mani sashe ɗaya. Na ajiye a taga, yana tare mani ƙyaure kada iska ta buga.

Asabar, 18 ga Mayu

Madam Kod ta sayi sabuwar waya. Allah ya sanya alheri, in ji Baba. Ni ban taya shi da amin ba, kuma an lura.

Lahadi, 26 ga Mayu

Na je ƙauyen Koona, wajen Gwaggo Barira, yayar Baba. Bara ruwa ya ɗauke gero na fidda kai, rumbunta ya ƙare tun kafin azumi. Ita ke riƙe da marayun ɗanta. Duk yunwar da aka taɓa yi, akwai dami ɗaya da ba ta taɓawa: na iri, zangarniyar da take zaɓa da hannunta ranar girbi ta rataye daban. Tun ina ƙarama nake ganin shi.

Ta dama mani fura mai kyau, na sha har na kankare ƙwaryar. Na ce Gwaggo ina kika samo gero haka a bazarar nan. Ta nuna mani inda damin yake rataye da. Igiya kawai.

"Ɗiyar ƙanena ta gwada sabo ta ce ko ruwa ya yi gardama yana yi. To me zan bar yara da yunwa ina kallon tsoho?"

A wayar maƙwabciya ta ga bidiyon. Ta sai da ɗan akuyarta ta aika aka sayo mata, ta faɗi kod ɗin ma, tana alfahari, wai sunan ɗiyarsu ne ke buɗe ƙofa a birni. Ta fiddo jajayen sashe daga ƙarƙashin gado ta gwada mani kamar kayan lefe. Ba ita kaɗai ba ce a garin.

Irin shukar bana na sha da nono. Har yanzu ina jin shi a wuya.

Litinin, 27 ga Mayu

Na ɗauko sashen taga. Na jiƙa tsumma, na jera ƙwayoyin, na naɗe. A wani tsumman na sa ɗan abin da na tsinto a gindin turmin Gwaggo. Aikin da ake koya mana a shekarar farko.

Juma'a, 31 ga Mayu

Na Gwaggo duk sun fasa, farare tas, kamar suna gaggawa. Gagara-Fari kuwa ya gagari tsiro. Ɗaya nan, ɗaya can. Jan ya zube a tsumma, abin da ke ƙarƙashi tsohon hatsi ne, wani ma da hudar ƙwari. An shafa mashi kala an sa mashi suna.

In Gwaggo ta zuba wannan a gonarta, sai an yi sati kafin ta gane, kuma ruwan farko ba ya jiran kowa.

Asabar, 1 ga Yuni

Na samu Lailatu a shagonta na bakin tasha, na shimfiɗa mata tsumman biyu a kan hijaban da take sayarwa. Na ce ke kika ce kin gwada.

"To ban gwada ba, Yaya? Na ɗaga shi a bidiyo, na gwada wa kowa shi. Ban ce na shuka ba."

Na daɗe ban ji abin da ya burge ni ya kuma tayar mani da zuciya lokaci guda haka ba. A Hausarmu gwadawa nuni ce, gwadawa kuma jarrabawa ce, sai ta tsaya a tsakiya, ƙafa ɗaya nan ɗaya can. Ba dabararta ba ce, ba ta kai nan ba. Ƙadri ya koya mata.

Na ce Gwaggo ta daka irinta. Ta bar taɓa wayar. Na ɗauka kuka za ta yi, har na gyara tsayuwa. Sai ta ce:

"Ƙadri ya ce tun ƙarshen Afrilu ya ba ki sashe. Ke mai diplom, me ya hana ki gwada tun ran nan?"

Tambayar banza. Na kwashe tsummana na fito.

Lahadi, 2 ga Yuni

Tambayar banza ce. Ba ni na yi tallar ba.

Ina dai jiran ranar da za ta faɗi ne, ban tambayi kaina a kan wa za ta faɗo ba. Shi ke nan, a bar maganar.

Litinin, 3 ga Yuni

Na rubuta gargaɗi na sa a gurup ɗinmu na Watsap na tsofaffin ma'aikatan furoje. Da Faransanci mai kyau, har da hoton tsumma. An ɗaga mani babban yatsa. Wani ya gyara mani kalma ɗaya. Cikinsu ba wanda uwarsa za ta ji wannan saƙo kafin shuka.

Na leƙa kasuwa neman iri wa Gwaggo. Geron ci ne, ba a san daga ina aka kwaso shi ba, ba a san ko ya san rairayin Koona ba. Tsadar kuma kamar ana sayar da shi da ƙwaya.

Laraba, 5 ga Yuni

An ce an yi ruwa wajen Attantane. Nan ma gabas ta yi duhu da la'asar, sannan ta fasa.

Alhamis, 6 ga Yuni

Na koma shagon Lailatu. Ba don ita ba. Muryata ba ta wuce zauren Baba, tata kuwa tana shiga ɗakunan da ko rediyo babu.

Ta bar ni tsaye tana auna wa wata yadi. Na cancanci rabin wannan, ba duka ba. Muka shiga bayan labule muka yi ta jayayya a kan kalma. Ta yarda ta ce irin ba ya tsira. Ta yarda ta ce kada a daka tsoho. Inda ta turje shi ne la'ada.

"Yaya, in na faɗi wannan wa zai ƙara saurarena?"

Na ce Habsatu kullum tana faɗi, kuma ba a rufe mata ƙofa ba. Ta ce Habsatu ba ta da mabiya. Na ce Habsatu ba ta sa gwaggonta ta ci irinta ba. Wannan ya yi zafi. Na sani, shi ya sa na faɗa.

Ba ta yi bidiyo ba, wokal ta yi, saƙon murya, wai fuskarta ba ta shirya ba. Abin da na riƙe: "Na ce maku na gwada. Nuna maku na yi, ban shuka ba. Duk wanda ya faɗi sunana a butik, ina da la'ada a ciki, ban kuma gaya maku ba. Yayata ta jiƙa shi, bai tsira ba." Sannan ta ƙara abin da ba mu shirya ba, cewa duk mai sauran tsohon iri ya taimaka da ko cikin tafi ne, akwai tsohuwa a Koona da ta yarda da ita.

Muryar ba zaƙi. Na fi son ta haka, amma ban gaya mata ba.

Lahadi, 9 ga Yuni

Ƙadri ya kashe kod ɗin, ya aiko da maganganu, har da cewa ya san manya. A zamanin nan kowa ya san manya. Butik ɗinsu a rufe tun jiya.

Zagi na ta shigo mata. Wata daga Mayahi ta ce Allah ya isa, ta maimaita har wokal ɗin ya ƙare. Lailatu ta saurara duka, ba ta goge ba. Na daɗe ina jiran wannan rana. Ba ta yi daɗin da na sa rai ba, kamar miyar da aka manta gishiri.

Baba ya daina cewa mai albarka. Bai kuma fara ce mani ba.

Juma'a, 14 ga Yuni

Ƙulli-ƙulli na zuwa shagon ta hannun direbobi da 'yan kabu-kabu. Daga Hawandawaki, daga Attantane, a bakin zane, a ledar shayi, ɗaya a cikin safar yaro. Wasu da saƙon albarka, wasu da zagi a haɗe. Wata ta aiko da iri ta ce a gaya wa Lailatu ba don ita ba. Na ji kamar mu san juna da matar nan.

Kowane ƙulli sai na ɗiba na jiƙa. Ɗakina ya zama shanyar tsumma. Ba zai isa gonar duka ba, balle Gwaggo ta riga ta ce sai an raba da maƙwabtan da suka saya tare da ita.

Asabar, 22 ga Yuni

Ruwa ya sauka Koona jiya, mai kyau. Yau shuka. Wani maƙwabci na gaba da sungumi yana sara, mu muna biye muna zubawa. Lailatu ta zo, ba wanda ya kira ta, da farcen kanti a yatsu. Gwaggo ta amsa gaisuwarta a taƙaice, ba ta dube ta ba.

Lailatu ta yi ta zuba iri da yawa a rami ɗaya, tana rufewa da hannu kamar mai binne kuɗi. Gwaggo ta tsaya tana kallo, can ta ce mani:

"Zara'u, gwada mata yadda ake yi, kada ta ƙarar mana da shi."

Na gwada mata. Yatsa uku, a saki, a take da diddige. Kafin azahar farce biyu sun tafi. Ta ci gaba.

Rabin gona muka samu. Sauran rabin wake, in an samu.

Alhamis, 27 ga Yuni

Gwaggo ta aiko a ce ya tsira, layi-layi, sai 'yan gurabe. Saura ruwa ya riƙe alkawari, shi kuma ba shi da kod.

Wani ɗan kasuwa ya ba Lailatu tallar fitila mai caji da rana. Ta aiko mani da ɗaya a leda. "Yaya, ki gwada mani. Irin gwadawarki." Ta ce in ta yi, za ta faɗi la'adar tun a farkon magana. Za mu gani. Na shanya fitilar a kan katanga, don dai ba ni da wani aiki ne.

Na gyara sunanta a wayata. Madam Kod ya yi tsawo, shi ke nan.