Ranar da Shatu Ta Kira Sunana

Litinin, 8 ga Yuli, 2024
Shatu ta kira sunana yau. A tsakar gida, gaban mata masu daka. "Muttaƙa, zo ka kore akuyar nan." Tun da aka kawo ta ɗakina bakinta bai taɓa ɗaukar sunan nan ba. Ko yaro mai sunana ta gani, "mai sunan Malam" take cewa. Matan suka sunkuyar da kai. Na yi kamar ban ji ba, na fice. Ba zan amsa ba.

Alhamis, 11 ga Yuli
Nazifa ta iso daga Yamai, ɗiyar marigayi Sufyan, ɗanmu na fari. Ta gama likitanci, an ba ta aikin asibiti ta ƙi, wai bincike take a kan ciwon mantuwa na tsofaffi. Na ce, "Amarya, duk karatun nan don ki bi ƙauyukan Illela kina tambayar tsofaffi yau wace rana?" Ta ce, "Angona, kwantar da hankalinka, layi zai zo kanka." Ni? Ni da ake zuwa tun daga Badaguishiri a tambaye ni iyakar gona da wa ya haifi wa? Ban taka lakwal ba, makarantar boko, amma kaina da ɗan ajamin nan sun ishe ni.

Asabar, 13 ga Yuli
Shatu ta sa gishiri a fura. Na shanye.

Laraba, 17 ga Yuli
Nazifa tana so ta kai kakarta Yamai a ɗauki hoton cikin kanta. Na ce tsufa ne, kuma ba a kai matata a yi kallonta. Na ce, akwai magani? Ta ce babu tukuna. To mi za a je yi?
Sannan ta ce, "Kaka, shekarata ta ƙarshe a likitanci na zo hutu, Inna Shatu ta shimfiɗa mini tabarmar baƙi, ta ce ɗiyar wa ce. Matar da ta goye ni. Kowa ya ɗauka wasa ne. A tabarmar nan na zaɓi aikina."
Ni da nake riƙe da shekarun yunwa ɗaya bayan ɗaya, ban riƙe wannan ranar ba.

Juma'a, 19 ga Yuli
Da na dawo masallaci Shatu ta tambaye ni yaushe Sufyan zai dawo daga cin rani, ga shuka ta tashi. Sunan ɗan fari ma yanzu a bakinta yake, ba kunya. Na gaya mata gaskiya kamar kullum: ya rasu, da hannuna na sa shi a kushewa. Ta ɗora hannu a ka, ta yi kukan da ta hana kanta ranar da aka binne shi.
Nazifa ta same ni bayan rumbu, ba amarya ba ango yau. "Duk ranar da ka gyara mata, sabuwar gawa kake kawo mata." Na ce ƙarya zan yi da furfurata? "Ban ce ka yi ƙarya ba. Ka ce ta ba ka labarinsa. Kuma in ta kira ka, ka amsa. Sunanka na cikin abin da ya rage mata. Shi ma zai tafi."
Yarinyar da na yanka wa ragon suna.

Talata, 23 ga Yuli
Shatu ta gaishe ni har ƙasa, ta ce mai gidan ya fita, in jira shi. Na zauna. Na jira.

Alhamis, 25 ga Yuli
Yau ma ba ta kira ba. Na yi ta gilmawa ta ƙofarta. Har akuyar na kwance da gangan.

Lahadi, 28 ga Yuli
Da hantsi, tana tsintar wake, matan na nan da turminsu. Ba ta ko ɗago kai ba. "Muttaƙa."
Na ce na'am. Da ƙarfi ya fito, har taɓarya ta tsaya.
Ta ce ba komai, ta ci gaba da wakenta.
Gobe Nazifa za ta bi motar Ƙonni. Na ce ta kama wuri uku. Ba don hoton ba. Ban taɓa ganin Yamai ba ne kawai.