Turakun Kujerar Jifa Sun Fara Motsi

Zuwa ga Alhaji, shugaban kwamitin filin wasanmu na Vénissieux.

Assalamu alaikum. Ina gaida Baba Alhaji da iyali, ina gaida sauran ƴan kwamiti. Ni ne Laminu, gurgun nan mai jifan mashi. Sau uku ina zuwa ofishinka, ana ce mini ka fita. Shi ya sa na rubuta a inda jama'a za su gani. Lakwal ɗina, wato karatun boko, bai yi nisa ba, a yi haƙuri da rubutun.

Na ɗaya. Shan inna ya kama ni ina ƙarami a garinmu Tawa. Kawuna ya kawo ni Sevran kusa da Paris, can na fara riƙe mashi, sannan aikin ɗaure kaya a sito ya kawo ni nan Lyon. Shekara shida ke nan ina jifa. Mu da muke jifa a zaune, kujerar ƙarfe ake ɗora mu, a ɗaure mu a kanta, ita kuma a ɗaure ta da igiyoyi huɗu a ƙasa. Duk ƙarfin da mai ƙafafu yake samu daga gudu, mu daga wannan ɗaurin muke samun shi.

Na biyu. Da muna da dandamalin siminti mai zobban ƙarfe. Da bazara kwamiti ya ajiye kwantenar kayan ƙwallo a kansa, aka mayar da mu kan ciyawa bayan raga, aka kafa mana turaku huɗu. Aka ce na sati biyu ne. Ga shi har sanyi ya shigo, ruwa ya jiƙa ƙasar.

Baba, ni a zaune na girma, kusa da awakin kakata. Yara suna can suna wasa, ni ina kallon turke. Akuya ba ta tuge turke rana ɗaya. Tana ja kaɗan, ta saki, ta sake ja, ramin yana buɗewa ba wanda ya lura. Turken hagu na baya haka yake yanzu. Farkon zuwanmu ko tsinke ba ya shiga gefensa. Watan jiya yatsana ya shiga. Ran Talata na sa yatsu uku.

Na uku. In kujera ta goce, mashi ba ya bin inda ka nufa. Hagu yake yi, hagu kuma nan ne hanyar gudu. Ran Talatar nan mashina ya sauka a bakin farin layi, wani dattijo ya wuce wurin bai fi taku biyar ba. Bai ma waiwayo ba, da abin jin kiɗa a kunnensa. Madam mai horar da mu ta dafe kai. Da na gaya wa mai gadin fili, dariya ya yi, ya ce: "Kai Laminu, ashe hannun naka ya fara tsufa." Ya kawo guduma ya buga turken sau biyu. Buga turke a ramin da ya buɗe ba gyara ba ne, tambayi duk wanda ya yi kiwo.

Kafaɗata ma ta ji gocewar. Kwana biyu ban iya tura kekena zuwa tashar tiram, jirgin cikin gari, ba, sai da maƙwabci ya tura ni. Mai ƙafafu in kafaɗarsa ta lalace zai tafi aiki da hannu a rataye. Ni in tawa ta lalace, na zauna a ɗaki ke nan.

Na huɗu. Akwai gasa a Paris ƙarshen watan gobe, inda ake zaɓen waɗanda za su ci gaba. Shekara shida ita nake jira. Duk da haka na yanke ba zan sake hawa kujerar nan a kan ciyawa ba, ko da zan je Paris ba shiri. Amma ba ni kaɗai nake jifa ba. Musa ɗan Cadi ya fi ni nauyi, ya fi ni ƙarfin hannu, kuma ya ce shi ba zai bar horo saboda rami ba. An sa masa horo ran Asabar da hantsi. Lokacin ne matan unguwa suke zagayen motsa jiki a hanyar gudu, har da Hajiyarka.

Abin da nake roƙo: ka zo da kanka ka taka turken hagu da ƙafarka. A ɗauke kwantenar a mayar mana da siminti. In hakan ba zai samu ba kafin Asabar, a rufe hanyar gudu, ko a kulle duk wani mashi a ɗakin kaya ka riƙe mabuɗin. Na yi wa Musa magana sau biyu bai ji ba. Maganarka zai ji.

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya kare iyalinka da duk mai taka filin nan, ya sa Asabar ta wuce mu lafiya.

Wassalam.

Ɗanka,
Laminu