Fitilar Gidan Efren

Juma'a, 1 ga Satumba

An sake ƙwace min teburina. Shekara nawa ina faɗa? Teburin da na sassaƙa da hannuna, da zarar Satumba ta kama sai matata Luming ta shimfiɗa masa auduga ta jera gidajen tangaran ɗinta, wai garin Kirsimeti. Ni kuma in ci shinkafata a kan matakala har Janairu kamar kyanwa. Audugar wai dusar ƙanƙara ce. A nan Iloilo ta ƙasar Filifin, da zafinta! Na ce, "Tsohuwa, ƙanƙarar da na sani ta sanyaya kifi ce." Ta ce, "Matsa, Selmo, kana yi wa cocina numfashi."

Kowane ɗa yana da gidansa da 'yar fitila a ciki. Mai jan rufi na ɗanmu Efren ne. Shi ya aiko da shi shekarar da ya bar min kwalekwale ya bi jiragen Turawa. Gida yake aikowa, gida ba ya zuwa.

Lahadi, 3 ga Disamba

Efren ya kira uwarsa. Ta zagaya da shi garin ta waya, gida gida. Daga tsakar gida na ji ya ce, "Nay, ina Tay?" Wato Mama, ina Baba. Ta ce, "Ya fita, ka san halinsa." To, na fita. Wanda ya tafi bai yi min sallama ba, ni zan tsaya masa a gaban waya? Bana ma ba zai zo ba.

Litinin, 4 ga Disamba

Tana kasuwa na ɗaga audugar na zare wayar wutar mai jan rufi. Gidan da ba kowa, me zai yi da fitila.

Laraba, 6 ga Disamba

Ta sa sabon ƙwan fitila har biyu, bai kama ba. Ta ce in duba mata. Na ce kayan Turawa ne, ban yi makaranta ba.

Lahadi, 10 ga Disamba

Bai kira ba. Ba ya tsallake Lahadi.

Alhamis, 14 ga Disamba

Ba ta cin abinci. Wai shekarar da fitilar gidan 'yarmu Perla ta mutu aka kwantar da ita asibiti a Dubai. Na ce ɓera ne ya ci wayar a lokacin, ni na gani. Ba ta ji ba. An ce ana iska a tekun da jirginsu yake. Ana iska a kowane teku, ni zan faɗa, a ruwa na tsufa.

Na so in gyara yau. Amma in na gyara, ai na iya kenan.

Asabar, 16 ga Disamba

An fara addu'o'in asuba na kafin Kirsimeti. Da ciwon gwiwarta ta taka har coci. Da ta dawo ta tarar da ni a matakala, ta buɗe min tafin hannunta. Ɓawon kifi ne, guda biyu, irin wanda ba ya rabuwa da hannuna. Daga ƙarƙashin audugar.

Ta ce, "Ƙanƙarar Turawa ba ta da ɓawo, Baban Efren."

Na ce waya ce kawai, tsohuwa, waya.

Ta ce, "Da ɓera ne da na yi barci. Ubansa ne ya kashe masa wuta da hannunsa, yaron yana kan ruwa."

Ba ta ɗaga murya ba. Gara da ta jefe ni da tukunya.

Lahadi, 17 ga Disamba

Na mayar da wayar wutar. Fitilar ta kama nan take, tas, har ta fi sauran haske. Luming ta kalla ta wuce kicin.

Bai kira ba.

Ni ban yarda da waɗannan camfe-camfen ba. Sai dai ubana bai taɓa kashe fitilar ƙofa ba in ɗayanmu yana teku. Yau na tuna.

Laraba, 20 ga Disamba

Na raka ta coci. Don gwiwarta ne, wani ya riƙe ta.

Juma'a, 22 ga Disamba

Hannu ba ya son zama, na sassaƙa ɗan kwalekwale daga guntun gora. Ba don kowa ba. Na rasa inda zan ajiye, na sa shi a ƙofar mai jan rufi. Luming ta ce, "Kwalekwale a kan ƙanƙara?" Amma ba ta ɗauke ba. Ta ajiye min wayarta a gefen tebur, ta nuna min inda ake dannawa.

Na ja kujera. Rabona da zama a teburin nan tun Satumba. Na danna, wata mace ta yi min Turanci. Na sake, ita ce dai. Na ce mata ni ubansa ne, ba ta saurara ba.

Jirgi mai girman unguwa, ba mai kunne a ciki? Fitilar gidansa tana ci, ga ta ina kallo. Ban fita tsakar gida ba, ina nan zaune. Efren, ka ce ina Tay. Ga Tay. Wani ya ɗauki wayar nan ya amsa min.