Zauren Baba a Majigi

Wurno,
14 ga Maris, 1956.

Zuwa ga ƙanena Abdulƙadiri, a Ikko. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa kana lafiya kai da iyalinka. Mu nan lafiya lau, sai Inna Turai da ƙafa ta matsa mata.

Akwai maganar da na daɗe ina haɗiyewa. Ka tuna labarin Baba da na rubuta sa'ad da nake koyarwa a Raba, yadda yake saukar da fataken fata a zaurenmu? Kai ka matsa mini in ba Baturen majigi, ka ce sunan Baba Mainasara zai zaga duniya. Na ce ina tsoro, ka ce karatuna na makarantar Midil bai amfane ni ba. Na ba shi, har suka zo suka ɗauki hoton zauren, shekaru suka wuce ban ji komai ba. To, watan jiya motar majigi ta iso Wurno, na gani da idona.

Ka san Baba, Allah ya jiƙansa, ba ya taɓa ƙunshin baƙo sai baƙon ya sha fura, ya kwana, an tambayi mutanen gidansa ɗaya bayan ɗaya. Yakan ce wanda ka san sunan ɗiyansa ba ka iya cutarsa. Wannan shi ne zuciyar abin da na rubuta, shi kuma suka mai da abin dariya. Sun sa wa wani gemun auduga, suka zaunar da shi a ƙofarmu, suka bar masa sunan Baba. Yana ta gaisuwa ba iyaka, ƙwari na cin fatun a bayansa. Sai aka nuna wani mai wayo ya wuce zuwa rumfar kamfanin sayen fata, ya miƙa jar fatar akuyarsa ta taga, wani hannu ya fito ya buga hatimi. Har aka gama ba a nuna fuskar mai hannun ba. Mai bayani ya ce da lasifika wai kamfani ba ruwansa da ko kai ɗan wane ne, fatarka kawai yake dubawa. Yabo yake yi, Abdulƙadiri! Fili ya ɗauki tafi.

Baba Mode na Goronyo yana kusa da ni. Ka san cikin baƙin Baba shi kaɗai ya rage yana sauka wurinmu. Da muka tashi ya tambaye ni mi su fatake suka yi wa Turawa da za a kira su wawaye gaban jikokinsu. Ya san ni na rubuta. Na rantse masa ba haka na tsara ba, ya ce ya yarda, amma ƙofar dai tamu ce, kowa ya gane ta.

Ran kasuwa matata Asabe ta dama masa fura kamar kullum, na shimfiɗa tabarma. Sai ga shi da jakinsa, ɗiyansa biyu sun sa shi tsakiya, suka wuce rumfar kamfani. Ya ɗaga mini hannu bai tsaya ba. Daga baya na ji ya yi sallama a tagar nan, ba a amsa ba, sai aka ce ya matsa na baya ya zo. Duk da haka can ya koma kasuwa ta gaba. Ban ga laifinsa ba. In ruwa ya canza hanya, ba a tuhumar kifi.

Ba na neman komai wurinka. Tun da kai ma yanzu a bayan irin wannan taga kake aiki, na ce gara ka ji daga bakina.

Inna Turai tana gaishe ka, haka Asabe. Ka gai da Khadijatu da yara, ka faɗa musu kakansu mutumin kirki ne, ko da majigin ya iso can. Na naɗe tabarmar na jingine. Tun ranar ba baƙon da ya sake kwana a zauren Baba.

Ni ne wanka,
Yusha'u Mainasara.