Inna Ba Za Ta Aika Ba

Zoza, 3 ga Maris

Yaya Zulkifilu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Na rubuto ne don wayarka kullum tana hannun wani mai ce mini "Honarabul yana mitin". Ni dai ban san ranar da Kwamishina yake cin abinci ba.

Jikin Inna ya yi tsanani. Kwana tara ke nan ko kunu ba ya zama mata. Ka san ba za ta aika a kira ka ba, kai ne ɗan fari, ko sunanka ba ta faɗa. Ni nake kiranka a madadinta. Ka zo.

Ƙanwarka,
Rahmatu

Kano, 6 ga Maris

Rahmatu,

Bayan gaisuwa, na samu takardarki, kuma hankalina ya tashi. Ga direba nan da likita.

Wannan makon Gwamna zai yi wa majalisarsa garambawul, wanda duk ya matsa daga Kano zai dawo ya tarar da wani a kujerarsa. Shekara takwas na yi a Majalisar Dokoki kafin in samu wannan wuri.

Kuma bari in gaya miki abin da ban taɓa faɗa ba. Ranar da na fara cin zaɓe, mutanen Rogo da Karaye suka rako ni har ƙofar gida, na durƙusa a gabanta, ta juya tana tsince gyaɗa. Na san kunya ce, amma ya yi mini ciwo har yau. Idan ita da bakinta ta ce in zo, a ranar zan taho.

Ki gaishe ta.
Zulkifilu

Zoza, 8 ga Maris

Yaya,

Ina gaisuwa. Likita ya duba ta, ya ce sai addu'a.

Haba Yaya! Kai da ka zagaye ƙauyukan nan gida-gida kana roƙon ƙuri'a, yau kai ne sai an roƙe ka? Ranar da kake magana a kai, ni na gan ta bayan kun tafi. Ta shiga ɗaki ta yi ta kuka, ta ce in na faɗa wa kowa ba ta yafe ba. Ga shi na faɗa.

Da motarka ta tsaya jiya, sai da ta yunƙura ta gyara ɗankwali. Da ta ga likita ne kaɗai, ta koma ta kwanta.

Ka huta lafiya.
Rahmatu

Kano, 12 ga Maris

Rahmatu,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Jiya na iso an riga an dawo daga maƙabarta, na kasa haɗa ido da ke, shi ya sa na juya da wuri. An bar ni a kujerata, mutane sai barka suke yi mini.

Abu ɗaya nake roƙo, ki gaya mini gaskiya. Ta tambaye ni?

Yayanki

Zoza, 13 ga Maris

Yaya,

Allah ya ba mu haƙuri. Ba ta tambaya ba, kiranka ta yi. Ranar da za ta rasu, da hantsi, a gaban su Gwaggo Barira, ta ce "Zulkifilu" sau biyu, da ƙarfi, duk ɗakin aka sunkuyar da kai.

Na ce mata kana hanya. Allah ya yafe mini.

Rahmatu