Kawu Abdulmuminu da Makokin Ustaza Raniya

Zuwa ga yayana Suleiman,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kana lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara maka ƙarfin jiki, ya sauƙaƙa maka zaman Jidda. Mu nan Gadarif sai godiya. Mahmudu yana garin Hawata wajen yankan riɗi, Amani kuma ta sauka lafiya, an sami mace.

Yaya, da ɓacin rai nake rubuto maka, kuma Kawu Abdulmuminu ne ya ɓata min. Ka san a makarantarsa nake koyarwa. Ina da abokiyar aiki, Ustaza Raniya, Kirista ce, yaƙi ya koro su daga Khartum da mijinta da yara biyu. Makon jiya mijin ya rasu. Ta sa baƙaƙen kaya, ta roƙi Kawu ya bar ta ta zauna gida har arba'in, yadda al'adarsu take. Ya ce hutun takaba na matar Musulmi ne, shi iya abin da ya sani a doka ke nan. Ko ta dawo aji ranar Lahadi, ko ya ba wani gurbinta.

Ni da na yi takabar mijina Elsadig ina wannan makaranta, wata huɗu da kwana goma ba wanda ya ƙwanƙwasa min ƙofa, ai ban iya yin shiru ba. Na same shi a ofis, na tambaye shi ko sai mace ta yafa farin tobe, mayafinmu na takaba, ake yarda ta rasa miji. Na ce in doka ta tilasta masa ya ba ni hutun, ai ba ta hana shi ya ba ta ba, kuma zan haɗa ajinta da nawa. Sai ya gyara rawani, wai in ta yi kalmar shahada shi da kansa zai ba ta hutun cif. Wallahi kunya ta kama ni kamar ni na faɗa. Mutumin da kullum yake cika mu da labarin kakanninmu da suka iso ƙasar nan a ƙafa, baƙi, aka ba su wurin zama! Da mai zafin mutuwa zai yi cinikin addini?

Jiya na kai mata gurasar kisra da miya. Ta ce za ta koma saboda yara, abin da ta tambaye ni kawai shi ne ko za a bar ta ta shiga aji da baƙin kaya.

Maganarka kaɗai Kawu yake ji, don Allah ka kira shi kafin Lahadi. Ni dai na riga na gaya masa, in ya sallame ta ya nemi malamai biyu.

Ka gaishe min da Fatna da Mohanad da 'yar Hanadi. Inna tana gaishe ka. Tun safe tana gidan Raniya wajen zaman makoki, ta ce in ƙanen nata, Kawu, yana da magana ya zo can ya same ta.

Ƙanwarka,
Safiya