Simintin Kabarin Baba

Dangora, ta Kiru,
18 ga Maris, 1956.

Zuwa ga Yayana Jibrin, a Ikko.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ƙani ga wansa, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Barakatu da yara. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa albarka a aikinka, ya tsare ka a garin mutane. Mu nan sai godiya. Bazara ta sauko da wuri, amma dawar bara za ta kai mu kaka in Allah ya yarda. Inna tana cin abinci, tana fitowa inuwar durumi da hantsi. Ƙanwarmu Rabi ta zo daga Tudun Wada ta yi mana kwana huɗu, matata Saude kuma ta sauka lafiya, an samu namiji. Mun mayar da sunan Baba, muna kiransa Baffa.

Kayan da ka aiko sun iso tasha lafiya, na je da jaki na ɗauko: siminti buhu biyu, da allon ƙarfen nan mai sunan Baba, da wasiƙarka. Ka san karatuna na ajin yaƙi da jahilci ne, Hausa nake iya haɗawa, ita ma da ƙyar, kai kuwa rabin wasiƙar da Turanci ka cika ta. Sai da na jira ranar kasuwa na taka har Bebeji wurin Malam Wada, malamin elemantare, ya fassara mini. A nan na ji cewa so kake a ɗaure kabarin Baba da siminti a kafa allon a kansa, kamar yadda ka ga ana yi a can. Na kuma ji ka ce mun manta da shi tun bai cika shekara biyu a ƙasa ba, kuma ƙafarka ba za ta taka gidan nan ba sai an gama ginin. Na sa Malam ya maimaita mini wannan wurin sau biyu, don kada in ɗora maka abin da ba ka faɗa ba.

Akwai wata kalma da ka yi ta nanatawa, har ka ja mata layi a ƙasa, wai rimemba. Na ce wa Malam Wada ya warware mini ita sosai, tunda a kanta za a raba ni da wana. Mutumin kirki, ya ajiye furarsa ya ɗauko wani ƙaton littafi. Ya ce asalinta tunawa ce, abu ya ɓace maka ya dawo. Ana kuma faɗarta in ana so mutum ya riƙe saƙo kada ya sha'afa, ana faɗarta a ƙarshen takarda in ana so a miƙa gaisuwa, har wanda ya yi wa wani alheri saboda tsohuwar hidima ana cewa ya yi ta. Ya ce tana da 'yan'uwa: wata ta mutumin da ke dafe goshi yana lalubo abin da ya shige, wata ta tsofaffi in sun zauna zancen da, wata ta hadda, wata kuma ta taron da ake yi ko ginin da ake kafawa saboda mamaci. Na tambaye shi ko littafin ya ce sai da siminti ake yin ta farkon, wato tunawar kanta. Ya yi dariya ya ce bai ga haka ba. To, Yaya, ashe cikin dangin nan duka guda ɗaya ka zaɓa, wadda ake iya aikowa a jirgi.

Mu ma ba mu rasa namu ba. Muna tunawa, muna ambato, muna bege, muna yi wa juna tuni. In Saude ta ce a miƙo mata Baffa, sai in ga Rabi ta sunkuyar da kai don kunyar mai sunan. Duk Juma'a ana soya waina a raba sadaka. Ni kuwa har yau in na ɗauki fartanyarsa sai tafin hannuna ya faɗa daidai inda nasa ya cinye ƙotar. Ban san ko Bature yana da sunan wannan ba, amma na san ba mantuwa ba ce.

Saboda haka bari in faɗa maka a fili, ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ban gina kabarin ba, kuma ba zan gina ba. Na san babban wa uba ne, ban kuwa taɓa tsallake maganarka ba tun muna yara, ko lokacin da kake sa ni ɗaukar allonka da nawa. Amma wannan karon na tsallake, kuma ba na nadama.

Ka tuna sana'ar mutumin da muke magana a kansa. Baba mahaƙi ne. Rijiya yake haƙawa don abinci, kabari kuma don Allah, kuma rabin waɗanda ke kwance a maƙabartar nan shi ya gyara musu makwanci. Itace yake jerawa, ya toshe da fasassun tukwane, a mayar da ƙasa, a ɗora ƙaya saboda kura, shi ke nan. Da dagaci ya rasu, 'ya'yansa sun so a ɗan ɗaga nasa ya fi na kowa tudu, Baba ya ce in haka ne su nemi wani mahaƙin, shi bai iya haƙa ramin sarauta ba. Yanzu shi ne zan je in yi wa farin gini a tsakiyar mutanen da ya binne da hannunsa, ya zama shi kaɗai ake hangowa daga hanya? Na je wurin Liman Dikko ma, ba don ina shakka ba, sai don kada ka ce son raina ne. Ya ce maƙabarta ta jama'a ce, wanda ya yi gini ya tare wa na baya wuri.

Allon kuwa yana nan na naɗe shi a tsumma na sa a rumbu. An yi masa aiki mai kyau, ban raina ba. Sai dai ina so in san wanda ya gaya maka shekarar haihuwar da ka sa aka buga, don shi kansa Baba bai santa ba. Abin da yake cewa kawai, yana kiwon awaki ya ji ƙarar igwa ranar da Nasara suka fasa ƙofar Bebeji.

Simintin ban bar shi ya daskare ba. Bakin rijiyar da Baba ya haƙa a bayan gari ya zube tun daminar bara, har wata saniyar Fulani ta kusa afkawa, mata kuma sun koma tafiya rafi. Na kira Habu magini, muka yashe ta, muka ɗaure bakin da buhunan nan biyu, da ragowar kuma muka yi kwamin shayar da dabbobi. Yanzu tun daga hantsi guga ke sauka, da na gari da na ruga, kuma da sunansa ake kiran rijiyar, ba wanda ya rubuta musu. Na gaya wa kowa cewa kai ka aiko da simintin, ana ta sa maka albarka. In ka ga na ci amanarka, na yarda, ka zo ka yi mini faɗan a zaure ina durƙushe.

Na san abin da ke cin ka, Yaya, don ni ma ɗansa ne. Waya ta same ka bayan an binne shi, ba ka ɗauki makara ba, ba ka zuba ƙasa ba, abin ya tsaya maka a rai. Wallahi na tausaya maka, kuma ba wanda ya zarge ka a nan. Amma rantsuwar da ka yi ta ƙin zuwa ba Baba za ta taɓa ba, shi ya riga ya huta. Akwai abin da na ɓoye maka wata biyar don kada in tayar maka da hankali, yau ka tilasta ni. Inna ta fara rikicewa. Takan sa tukunya a wuta ba ruwa, takan yi sallar azahar sau biyu. Da Rabi ta zo, sai da ta wuni a ɗakinta sannan Inna ta tambaye ni ko baƙuwar nan 'yar wane gida ce. Rabi ta fita bayan ɗaki ta yi kukanta. Ni tana gane ni don kullum ina gabanta, kai kuwa shekara huɗu rabonta da fuskarka. Zumunta a ƙafa take. Ka karya rantsuwar ka yi kaffara, ka nemi hutu kafin azumi, kada ka jira sai na sauko, don ba zan sauko ba.

Ka gaishe mini da Yaya Barakatu, da Saudatu da Balarabe da auta Maijidda. Saude da Rabi suna gaishe ku, haka Liman Dikko da Malam Wada. Inna ba ta ba da saƙon gaisuwa ba. Da na ce mata takarda nake rubuta maka, sai ta yi mini faɗa, ta ce me za a rubuta wa wanda ya je gona yanzun nan, in dai tashi in rufe maka tuwonka kada ya huce. Na tashi na rufe.

Wassalam. Ni ne ƙaninka,
Shitu.